Daren da kwamfutata ta koma 2009

A layinmu ni ake kira idan waya ta ƙi kunnuwa ko firinta ta cije takarda. Ba karatun abin na yi ba, na dai iya kashewa da kunnawa ina tsuke fuska kamar likita. Wannan girman ne ya zube wani dare cikin hunturu, a gaban ɗan yayata da bai wuce shekara 15 ba.

Fom ɗin neman aiki nake son cikewa, ƙarfe 12 na dare za a rufe. Na buɗe kwamfutata ta gwanjo, duk shafin da na nufa sai burauza, manhajar buɗe shafukan intanet, ta tare ƙofa, wai ba ta yarda da shi ba. Na ce sabis ne. Na sayi data, na ƙara saya, na fita tsakar gida na ɗaga waya sama kamar mai duban wata. Kamfanin layin kuwa ya sha baƙar magana, Allah ya yafe mini, ba su ci ba ba su sha ba.

Yaron yana gefe yana ɓare gyaɗa, ya leƙo ya ce, "Kawu, yau nawa ga wata?" Na ce ya rufe mini baki. Sai ya sa yatsa a kusurwar allon ta ƙasa: 1 ga Janairu, 2009. Wato a lissafin kwamfutar ko aure ban yi ba, shi kuwa ba a ma haife shi ba.

Ashe duk shafi mai tsaro yana tafe da takardar shaida, da ranar fara aikinta da ranar ƙarewa, kuma da agogon kwamfutar burauza take gwadawa. Mutum yana zaune a 2009 ka miƙa masa takardar da aka sa wa hannu bana, ai dole ya ce jabu ce. Silar abin kuma wani ɗan batir ne a cikin kwamfutar, CR2032, faɗinsa kamar kwabo, shi ke riƙe lokaci idan an kashe ta. Nawa ya daɗe da rasuwa.

Don in ɗan farfaɗo da mutuncina na ture hannun yaron, na danna wurin daidaita agogo da intanet. Ta juya, ta juya, ta ce ta kasa. Ya ce wata saba ce, wato babbar kwamfuta a intanet, Windows ke tambaya, time.windows.com, amma idan ratar ta haura awa 15 ba ta karɓar gyara, sai an fara matso da ita da hannu. Wanda ya yi nisa ba ya jin kira, har a cikin na'ura. Na dubi agogon bangonmu, 9:10, na rubuta, na gyara kwanan wata da shekara, na sake dannawa.

Ta karɓa. Allon ya nuna 11:58.

Salatin da na yi sai da uwargida ta fito daga kicin da ludayi a hannu. Minti biyu! Na fara neman takardun makaranta a ƙarƙashin kujera. Yaron yana ta dariya har da ƙwarewa, ya ce, "Kawu, na safe ne fa." Sabar ba ta san Kano ba, lokacin duniya na UTC kaɗai take bayarwa, kwamfuta ce ke ƙara ko rage na garinta. Tawa kuwa har yanzu a gaɓar yammacin Amurka take kwana, inda suke bayanmu da awa 9 a wannan lokacin na shekara. Muka mayar da ita UTC+1, wato lokacin Najeriya, shafuka suka buɗe, na tura fom.

Sai na lura agogon bango ya fi kwamfutar da minti 12. Na ce yauwa, ga inda intanet ta yi kure, wannan agogon tun lefe yake bai taɓa saɓa mini ba. Yaron ya yi ta bayani: tsarin daidaita agogo ta intanet sunansa NTP, David Mills ne ya fito da shi a 1985, kowace saba tana tambayar ta samanta har a dangana da agogon da ke ƙirga kaɗawar sinadarin siziyam sau 9,192,631,770 a daƙiƙa guda. Har ɗan lokacin da saƙo ya ɓata a hanya ana lissafawa a cire. Na ce duk na ji, amma ni da agogona na yarda.

Uwargida ta jingina da ƙofa ta ce, "Malam, bar wahalar da yaro. Shekara shida ke nan da na ƙara masa minti 12. In ba haka ba, yaushe ka taɓa samun raka'ar farko?"

Washegari na canja batir. Agogon bango ban taɓa shi ba, sai dai duk na kalle shi nakan cire 12 a zuci in ci gaba da shan shayina. Jiya na gwada shi da kwamfutar, ratar ta koma minti 20.