Me ya sa 615,000 ta koma 70,000?

A watan Mayun 2024 ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC suka nemi naira 615,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi. Gwamnatin tarayya ta taya 48,000, shugabannin ƙwadago suka tashi suka bar zaman. A watan Yuli aka daidaita a kan 70,000. Mutane da dama sun ce an sayar da ma'aikata. Ni a ganina tun kafin a zauna an riga an fi ƙarfinsu.

Akwai fannin lissafi da ke nazarin yadda abokan ja-in-ja ke auna juna kafin kowa ya motsa. A 1950 John Nash, wani Ba'amurke, ya nuna cewa inda ciniki zai tsaya ya danganta da abin da kowane ɓangare zai tsira da shi idan aka tashi baram-baram. A 1982 Ariel Rubinstein, wani masanin tattalin arziki, ya ƙara da cewa wanda ya fi iya jira shi ke kwashe kaso mai tsoka.

To, wa ya fi iya jira? A lokacin, hauhawar farashi ta haura kashi 33 cikin ɗari, ma'aikaci yana kan 30,000 ɗin da aka yanka tun 2019, kuɗin da ba ya sayen buhun shinkafa. Duk watan da aka ja, gwamnati na riƙe da kuɗinta, shi kuwa sunansa na ƙara tsawo a littafin bashin mai shago.

Rana ɗaya ce lissafin ya juya. A 3 ga Yuni ma'aikata suka shiga yajin aiki, suka kashe babban layin wutar lantarki na ƙasa, suka rufe filayen jiragen sama, kuma a daren gwamnati ta yi alkawarin biyan sama da 60,000. Washegari aka janye yajin aikin, ba a kuma koma ba. Barazana tana ci ne idan abokin hamayya ya yarda za ka iya aikatawa ka kuma daure, gwamnati kuwa ba ta manta da 2022 ba, lokacin da malaman jami'o'i na ƙungiyar ASUU suka yi wata takwas suna yaji, aka riƙe albashinsu, kotu ta ce su koma aji.

A Jamus, ƙungiyar ƙwadago ta IG Metall tana biyan mambobinta kuɗi daga asusunta idan suna yajin aiki, shi ya sa masu masana'antu ba sa ɗaukar gargaɗinta da wasa. A Najeriya kuwa, dokar mafi ƙarancin albashi ta 2024 ta ce a riƙa duba albashin duk shekara uku maimakon biyar, wato 2027 ke nan. Idan NLC da TUC ba su tara irin wannan asusun kafin lokacin ba, ko miliyan suka ambata, gwamnati za ta zuba ido ne har yunwa ta mayar da mutanensu ofis.