Ba alhazai kawai ke riƙe da kasuwar Jidda ba

Wannan magana ta isheni wallahi, duk ɗan uwan da ya kirani daga gida sai yace ai Jidda in aka gama aikin Hajji shikenan kasuwa ta mutu. Na gane dalilinsu, tun zamanin Sayyadina Usman garin ya zama mashigar Makka ta ruwa, kuma yawancin mutanenmu a lokacin Hajji ko Umara kawai suke ganinsa, suyi tsaraba a Balad, wato tsohon garin Jidda, su wuce.

Amma abinda ke jawo manyan kamfanoni shine inda Allah ya ajiye garin. Jidda tana bakin Bahar Maliya, kan hanyar jiragen ruwan dake tasowa daga Sin da Indiya su bi ta mashigin Suwez zuwa Turai, tashar ruwanta kuma itace babbar ƙofar kayan dake shigowa ƙasar, ga wata tashar ta Sarki Abdullah kusa da Rabigh, ga matatun mai a Yanbu. Mai kamfani lissafinsa kwana nawa kwantena zatayi kafin ta kai sito. Gaskiya hare-haren da 'yan Husi na Yaman suka riƙa kaiwa jiragen ruwa tun ƙarshen 2023 sun rage zirga-zirgar, amma tashar Jidda bata tsaya ba.

Misali tumakin Sudan. Daga Sawakin ake lodinsu a tsallako dasu, kuma ba na layya kaɗai bane. Maƙwabcina direban tirela ne, ko a Safar da ba wani cunkoson baƙi yana fita tun asuba ya bi layin ɗaukar kaya, sai dare yake dawowa.