Kilishina da Ya Tafi a Layin E

Tunda Ango ya riga ya baza nasa ɓangaren na labarin zuwanmu sinima a majalisa, har da ƙarin gishiri, bari ni ma in faɗi nawa, ko mutane sa daina tare ni a bakin masallaci a Agege suna tambayata wai ya Madam.

Mu biyar muka je, ni da Yaya da Injiniya da Ango da Auta. Fim ɗin Avatar na biyu ne, wanda ya fito ranar Juma'a 16 ga Disamba, 2022. Na farkon tun 2009 aka yi shi, lokacin Auta ko firamare bai gama ba. Shekara 13 ke nan Injiniya yana jira, kuma kun san Injiniya: abin da ya sa a ransa sai kowa ya sa a nasa. Shi ya ce wannan ba fim ɗin kallo a waya ba ne, sai a majigi, da tabarau mai sa abu ya fito kamar za ka taɓa shi. Muka ce mun ji. Rigimar ta fara ne daga yaushe.

Tsawon fim ɗin minti 192 ne, awa 3 da minti 12. Ka ɗora tallace-tallacen da ake sakawa kafin a fara, minti 15 zuwa 20, ka ga kusan awa uku da rabi kana zaune. To ɗauko lokutan sallah na Legas a tsakiyar Disamba ka auna. Azahar wajen ɗaya saura ashirin, La'asar wajen ƙarfe 4, Magariba shida da rabi, Isha'i takwas saura kwata. Idan ka shiga na ƙarfe 3, La'asar ta tafi, Magariba kuma tana bakin ƙofa. Na ƙarfe 5 Magariba ce abincinsa. Na dare bayan Isha'i ba ya taɓa sallar kowa, amma za ka fito bayan sha ɗaya, kuma tun 1 ga Yuni na shekarar aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida har da Ikeja, ga layin mai a ko'ina, mai tasi ya faɗi kuɗin da ya ga dama. Saura biyu: na safe idan sun saka shi a jadawali, ko na ƙarfe 1, ka yi Azahar a farkon lokaci ka shige, ka fito huɗu da rabi La'asar na nan da sauranta.

Ranar kuma, Juma'ar farko ba ta mai hankali ba ce, cunkoso ne kawai da 'yan ɗaukar hoto. Asabar Maroko na buga wasan neman na uku da Kuroshiya a gasar cin kofin duniya da ƙarfe 4, babu mai motsawa daga gaban talabijin. Tsakiyar mako tikiti ya fi sauƙi kuma zauren ba kowa, amma wa zai rufe shago ana saura kwanaki Kirsimeti? Injiniya ya so mu haura Lekki saboda babban majigin can. Yaya ya tambaye shi ko ya taɓa bin gadar Third Mainland a Disamba, kilomita kusan 12 a kan ruwa ba wajen juyawa, daga Agege sai ka ratsa Oshodi kafin ma ka gan ta. Maganar ta mutu a nan. Muka tsaya a kan Lahadi, na ƙarfe 1, a wata sinima ta tsallakenmu, domin safiyar Lahadi ce kaɗai titin Legas ke numfashi. Kowa ya san ranar ce wasan ƙarshe, Ajantina da Faransa, ƙarfe 4. Injiniya ya rantse rabin awa kawai za mu rasa, kuma ba a cin ƙwallo a rabin awar farko na irin wannan wasa.

Auta ya sayi tikiti biyar ta waya tun ranar Alhamis, ya zaɓi layin F, tsakiya. A nan ya yi ƙoƙari, ba zan hana shi ba. Fim mai tabarau ba a zama masa a gaba, wuya zai ƙage ido ya yi ruwa, ba a kuma zama can gefe. Kashi biyu cikin uku daga majigi, daidai tsakiya, nan ne wurin. Abin da Auta bai lissafa ba shi ne mai zaman tsakiya yana da gwiwoyi bakwai a dama, bakwai a hagu.

Ba a shiga da abincin waje, wannan doka ce a yawancin gidajen sinima. Ni kuma na ga kuɗin gugguru ya kusa kama na tikiti, shi ya sa na sako babbar riga. Kilishi ne na gaske, wanda Kawu ya aiko daga gida, na naɗe shi a takarda, na sa a leda, na cusa a aljihun ƙirji. Aka duba jakar Yaya, ni aka ce "Alhaji, wuce." Ango ya sayi bokitin gugguru babba, ni na sayi lemo, kofin da ya fi kowanne girma, saboda bambancinsa da matsakaicin kaɗan ne. Kafin nan kuma na sha kunun aya gora guda a mota.

Duk wanda ya ga fim ɗin ya san inda na dosa. Bayan awar farko, komai ruwa ne. Ana iyo, ana nitso, igiya na dukan gaɓa, ruwa na tsiyaya daga jikin mutanen nan shuɗɗa, sauti kuma na zuwa ta gaba da baya da sama. Na'urar sanyi tana aiki kamar ba a biyan kuɗin wuta. Ni ga tabarau biyu a fuska, nawa na likita a ciki, nasu a kai, kullum na saman yana zamewa, na kuma taɓa gilashin da yatsa mai man gugguru, gefe guda ya yi hazo. Wajen uku da kwata mara ta ce ba ta san zancen ba. Na haɗe ƙafa. Na karanta abin da na iya. Wani ƙaton kifi ya buso ruwa sama, na miƙe.

Fitar ma aiki ce, ana ta tsaki, na taka ƙafar wani yaro ya ce wa uwarsa abin da ban ji ba. A banɗaki babu buta, wanda zai je ya riƙe wannan: ka tafi da gorar ruwa ko da wofi ce. Famfon irin mai ganin hannu ne, ya ba ka ruwa kaɗan ya ɗauke, gora kuma ba ya ganinta sai ka sa hannu ɗaya a ƙasa kana kaɗawa. Na gama dai. Na dawo a guje, don Injiniya ya ce awar ƙarshe ita ce fim ɗin.

Yanzu ku saurara, domin nan ne Ango yake murɗe labari. A jikin kowace matakala akwai ƙaramar fitila mai nuna harafin layi. Na mayar da tabaran tun daga ƙofa, su kuma suna rage haske, abin da ke da duhu su ƙara masa. Na ga F. Wallahi F na gani. Daga baya da aka kunna wuta na je na duba da idona, E ne, layin ƙasan harafin ne ya mutu. Na shiga, ina ba da haƙuri, ina ƙirga gwiwa. Na bakwai, ga kujera babu kowa, har da ɗumin mutum a jikinta. Na zauna na sauke ajiyar zuciya.

Na miƙa hannun dama, ga bokitin gugguru daidai inda na bar shi. Na damƙa na ci. Na ji akwai sukari, namu na gishiri ne, amma na ce ƙila ƙasan bokitin ne aka gauraya. Na sake damƙa. Sau nawa ban sani ba, Ango yana cewa biyar, ƙarya yake yi. Sai na ga lokacin kilishi ya yi. Na zaro ledar a hankali, ina jiran a yi harbi a majigi kafin in motsa ta don kada ƙarar ta fita. Na yagi nawa, na zunguri na damana da gwiwar hannu, na matsa kusa da kunnensa na ce, "Ango, riƙe, ka yi ƙasa da shi kada mai tocila ya gani."

Aka karɓa. Ba musu, ba tambaya, aka karɓe ledar gaba ɗaya. Lokacin da hannun ya gogi nawa ne na ji farce, dogo, da ƙarar awarwaro. Ango ba ya sa awarwaro. Ko da yake tun da ya yi aure ba mu san abin da yake yi ba.

Na ɗaga tabaran sama a hankali na juya. Wata babbar mace ce, ta kai sa'ar yayar mahaifiyata, da ɗaurin gele irin na dawowa daga coci, tana kallona, bokitinta a cinya. Ba ta yi ihu ba. Da ta yi ihu da ya fi min. Kallona kawai take yi ta cikin baƙin tabarau, sannan ta buɗe ledar, ta shinshina, ta yagi kilishin ta sa a baki.

Ina cikin neman kalmar da zan fara da ita, majigin ya ɓace min. Mutum ne tsaye a gabana, ya tare teku duka, riƙe da ruwan gora biyu. Ya sunkuyo ya ce, da ladabin da ya fi zagi ciwo, "Malam, kujerata ce." Na ce masa F8. Ya ce E8. Na sake cewa F8, har ina laluben waya in nuna masa tikiti, alhali tikitin na wayar Auta. Na baya suka fara cewa a zauna mana. Sai ga mai tocila.

Wannan yaron ina da magana da shi har gobe. Tun shigarmu nake lura da shi. Akwai wata a layin C da take ta hira a waya, hasken fuskarta har bango, bai ce mata komai ba. Akwai wani da ya riga ya kalli fim ɗin ranar Juma'a, yana gaya wa budurwarsa wanda zai mutu tun kafin a kai wurin, layi uku na jin sa, bai ce masa komai ba. Jariri ya yi kuka, bai motsa ba. Amma ni, daga can ƙasa ya taho da sassarfa, kuma maimakon ya haska ƙasa kamar yadda ake koya musu, sai ya dalle min fuska. Tocilar ma ba irin ƙaramar nan ba ce. Duk zauren ya ga mutum da babbar riga da hula, tabarau ɗaya a ido ɗaya a goshi, gugguru a gemu, yankin kilishi a hannun hagu. Ya ce, "Alhaji, ba a shigowa da abincin waje." Ga ledar a hannun Madam, tana taunawa a gabansa. Ni ya gani.

Mijin ya tambaye ta ko ta san ni. Ta ce a'a, amma mutumin kirki ne. Ta miƙa masa kilishin, ya yaga, yana tsaye a kaina.

Na miƙe zan fita, sai na ji wani sauti daga bayana, irin na wanda ya toshe baki da hula. Na ɗaga kai. Layin F, su huɗu, a jere, da kujerata babu kowa a tsakiyarsu. Tun shigowata suke kallona. Ango yana daidai bayan kaina, da ya miƙo yatsa ɗaya ya taɓa hulata da magana ta ƙare tun kafin gugguru na farko. Wai ya so ya ga iya inda abin zai kai. Yaya, wanda ya girme mu duka, wanda ake kai wa ƙara, ya kife fuska a gwiwa kafaɗunsa na rawa. Injiniya ne kawai bai yi dariya ba, shi cewa ya yi in zauna ina tare masa majigi.

Kuma ba a tsallake kujera a wuce, sai da na sake bin gwiwa bakwai na fita, na hau matakala ɗaya, na bi wasu bakwai na shiga. Yaron da na taka ɗazu ya janye ƙafarsa tun daga nesa.

Sauran fim ɗin ban san me aka yi ba. Na san jirgin ruwa ya kife, ana ta neman yara. Abin da nake ji shi ne ƙamshin yajin Kawu yana tasowa daga layin gaba, da ƙarar ledata, ba tare da an jira harbi ba. Huɗu da minti ashirin da wani abu, ana tsakiyar abin tausayi, wani daga baya ya kwarma "Messi!", wayoyi suka haska ko'ina, mai tocila ko a jikinsa. Kafin mu mayar da tabarau a kwandon bakin ƙofa, mu sami wurin alwala mu yi La'asar, Di María ya ƙara ta biyu. Rabin awar Injiniya ke nan da ba a cin ƙwallo.

A bakin ƙofa Madam ta tsayar da ni ta tambaya a ina ake sayarwa a Agege, kuma ko akwai wanda yajinsa bai kai wannan ba, saboda maigidan. Ango ne ya yi mata kwatance, har da lambar waya ya so ya ba ta, tawa.

Ledar ba ta dawo ba. Auta har yanzu yana bin Yaya kuɗin tikiti, Yaya ya ce shi bai ga fim ba, ni ya kalla, in biya. Injiniya kuma ya ce dama majigin ƙarami ne, sai mun sake a Lekki. Na ce masa in duba.