Abin da ke bayan hankici da tabaran Ummu Kulsum

A tsibirin Rauda da ke tsakiyar kogin Nilu a birnin Alƙahira, akwai gidan tarihi da aka buɗe a 2001 don adana kayan Ummu Kulsum, shahararriyar mawaƙiyar nan ta ƙasar Masar. Wanda ya shiga zai ga dogayen rigunanta, da baƙin tabarau, da hankicin da ba ya rabuwa da hannunta in tana waƙa. Hotunan waɗannan kaya sun cika intanet a yau. Ana buga fuskarta a jikin riguna da kofunan shayi, ana cewa ga gayun mutanen da. Ina jin daɗin ganin ba a manta da ita ba, amma raina yana sosuwa idan na ga an tsaya a kan tabarau da riga, alhali kwarjinin matar nan daga wani wuri daban ya taso.

'Yar ƙauye ce daga lardin Daƙahliyya, mahaifinta limamin ƙaramin masallaci ne da ke rera waƙoƙin yabon Annabi a wajen bukukuwa don ya ƙara da abin cefane. Ta yi karatun Alƙur'ani tun tana ƙarama. Da uban ya ji irin muryar da Allah ya ba ta, sai ya riƙa tafiya da ita wajen maulidi da ɗaurin aure, yana sa mata tufafin maza don kada a ce ya fito da 'ya mace gaban taro. Duk wanda ya zauna gaban malami ya sha gyara a kan fitar da haruffa daga mafitarsu zai gane abin da wannan tarbiyya ta yi wa bakinta. Har ta bar duniya, Larabawa sun shaide ta da cewa ba ta haɗiye harafi. Baiti mai wuyar Larabci, irin na mawallafin baitocin nan na Masar Ahmad Shauƙi, in ya bi ta bakinta sai manomi da direba su ji kowace kalma a fili.

Da ta koma Alƙahira a farkon shekarun 1920, 'yan birni sun yi mata kallon baƙauya. Ba ta ruga wajen tela kawai ba. Ta zauna gaban Shehu Abul Ila Muhammad ta ƙara koyon waƙa, ta riƙe mawallafin baitoci Ahmad Rami yana karantar da ita adabi, sannan a 1926 ta ɗauki ƙwararrun makaɗa a maimakon 'yan uwanta da ke yi mata amshi. A wannan lokacin ne shigarta ta canza zuwa doguwar riga mai rufe jiki irin ta matan manyan gidaje. Ilimi ya riga tufafi zuwa, shi ya sa tufafin suka zauna mata daram.

A duba yadda take fitowa a dandamali, domin bidiyon wasanninta na shekarun 1960 suna nan. Labule zai buɗe, makaɗa na jere cikin baƙaƙen kwat, ita kuma tana zaune a kan kujera a gabansu. Kiɗan buɗewa zai yi mintuna yana tafiya, ba ta ce uffan ba. Sai lokacinta ya yi za ta miƙe, kuma miƙewar nan kaɗai ta isa zauren ya kaure da tafi. Daga nan tana tsaye wuri guda. Babu rawa, babu zirga-zirga, hankici na hannu ɗaya, ɗaya hannun yana ɗagawa kaɗan in baiti ya kai inda ya kai. Waƙa ɗaya takan ci awa guda ko fiye, saboda tana maimaita ɗango ɗaya sau da dama, kowane karo da sabon lanƙwasa, jama'a na roƙon ta sake. Masarawa suna kiranta Sitt, wato uwargida, kuma sunan ya dace da matar da ta san darajar tsayuwa shiru.

Ko tabaran da ake yayi a kansa yanzu, lalura ce ta kawo shi. Ta yi fama da ciwon maƙoƙo wanda ya taɓa mata idanu, haske mai ƙarfi yana damunta, sai ta riƙa rufe su. Abin da ta sa don kare lafiyarta shi ya koma alamarta, domin mutane sun riga sun girmama wadda ke sanye da shi.

Akwai masu cewa wannan duk begen zamanin da ne, kuma ba adalci ba ne a auna mawaƙin yau da ma'aunin wancan lokaci. Suna da gaskiya ta wani ɓangaren. Ummu Kulsum ta samu rediyon gwamnatin Masar tun buɗe shi a 1934, kuma shekara da shekaru ana watsa wasanta kai tsaye a daren Alhamis ta farkon wata, iyalai su kewaye akwatin rediyo tun daga Maroko har Iraƙi. Wanda ke da irin wannan fili yana iya jan waƙa awa guda. Yaron da ke neman a saurare shi a TikTok kuwa, in bai kama kunne cikin daƙiƙa goma ba an wuce shi. Haka nan ba a ɓoye yake ba cewa ta kusanci masu mulki, ta yi wa Sarki Faruk waƙa, ta kuma zama ta hannun daman Gamal Abdel Nasser bayan juyin mulkin 1952, kuma wannan kusanci ya ƙara mata ƙarfi a kan abokan sana'arta.

Duk da haka ban yarda zamani ne kaɗai ya yi ta ba. Mawaƙa nawa ne suka samu rediyon nan guda, yau ko sunansu ba a tunawa? Abin da ya bambanta ta shi ne tsananin tsantseni a kan aiki. Takan sa a sauya kalma a cikin baiti in ba ta gamsu ba, takan daɗe tana gwaji da makaɗa kafin ta yarda a fitar da waƙa. Wannan bai dogara da tsawon waƙa ba. Ko waƙar minti uku ce, mai ita zai iya kai baitocinsa gaban wanda ya fi shi sanin harshe kafin ya shiga situdiyo. Mu ma da muka tashi da muryar Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo mun san daɗin waƙar da ake jin kowace kalmarta, kuma muna jin bambanci in na'ura ta lulluɓe murya har ba a gane Hausa ake yi ko wani yare.

Wani abin da nake ganin ya fi rigunanta kyau shi ne yadda ta yi da sunanta lokacin da ƙasarta ta shiga ƙunci. Bayan Masar ta sha kashi a yaƙinta da Isra'ila a 1967, matar da ta haura shekara 60 ta ɗauki ƙafa tana wasa ƙasa-ƙasa tana miƙa kuɗin ga asusun gwamnati. A watan Nuwamba na wannan shekarar ta tsaya a zauren Olympia na birnin Paris. A ƙarshen 1968 ta je Khartum, kuma da ta koma gida sai ta nemi baitocin mawaƙan Sudan, ta zaɓi na wani malamin makaranta, Alhadi Adam, ta rera su a 1971. Babbar tauraruwar Larabawa ta ɗauki kalmomin malamin aji ta kai su kunnen duniya saboda ta ga sun cancanta.

Ta daina fitowa wasa a 1973, ta rasu ranar 3 ga Fabrairu, 1975. A ranar jana'izarta titunan Alƙahira sun cika maƙil da miliyoyin mutane, har jama'a suka karɓe makarar daga hannun masu ɗauke da ita, suka riƙa miƙa ta daga kafaɗa zuwa kafaɗa na tsawon sa'o'i kafin a kai ta makwanci.