An ƙwace mana hanyar ƙafa da keke a unguwarmu

Shimfiɗar intalok da ke gefen babban titin unguwarmu, a bayan garin Kano, an yi ta ne domin masu tafiya a ƙasa da masu keke, amma a yau su ne ba su da iko da ita. Daga bakin kasuwa zuwa masallacin Juma'a, mutum ba ya yin nisa a kanta sai wani abu ya tilasta masa sauka kan kwalta, inda 'yan adaidaita sahu da tifofin yashi suke rige-rige.

Masu shaguna sun fito da rumfunansu har bakin kwata. Dillalin motoci ya jera hajarsa a kai kamar filin gadonsa, bakanike kuma ya kafe motar da yake gyarawa, baƙin mai ya jiƙe wurin har santsi yake yi. Wani mai gini ya sa an juye masa yashi da tsakuwa a tsakiyar hanyar tun kafin damina, kuma babu wanda ya ce masa kanzil. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne murafen kwatar, domin na ƙarfe an sace su, na siminti kuma sun farfashe saboda manyan motocin da ake hawa da su kai, ramukan suna nan a hangame, rodi ya yi cirko-cirko a bakinsu. A gabana wata yarinya da aka aika markaɗe ta kauce wa wani mai babur da ya hau hanyar don gudun cunkoso, ƙafarta ta zurma cikin ɗaya daga ramukan, rodi ya yage mata ƙauri, ta zauna tana kuka tana kwashe markaɗen da hannu saboda tsoron faɗan gida. Mai babur ɗin ko waiwaye bai yi ba.

Wannan ɓarnar ta zo ne a daidai lokacin da aka fi bukatar hanyar. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a farkon 2013, adaidaita sahu ya zama abin hawan talaka, sannan da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta wuce 1,000. Kuɗin mota ya bi ta, magidanta da yawa suka kakkaɓe tsofaffin kekunansu, ɗalibai da masu zuwa cefane suka koma takawa. Dattijon da ya koma wa keke don ya tsimi kuɗin abincin iyalinsa, yanzu dole ya goga kafaɗa da tifa, direba yana danna masa oda yana zaginsa wai ya tare hanya. To, ina ake so ya bi?

An kashe maƙudan kuɗaɗe an gina gadoji a Ƙofar Nassarawa da Dangi da Hotoro domin mai mota ya wuce ba tsayawa, kuma ban ce ba su da amfani ba, sai dai abin kunya ne a ce garin da ya iya wannan ya kasa rufe ramin kwata. Hukuma kuwa ba za ta ce ba ta sani ba, tun da masu karɓar haraji suna zuwa su yanka wa masu rumfunan nan rasit a kan hanyar da suka tare, su wuce abinsu.

Muna neman a mayar da murafen kwatar, a kafa turakun siminti a bakin hanyar yadda mota da babur ba za su iya hawa ba, a ba masu rumfa da mai yashi wa'adi su kwashe kayansu, wanda ya ƙi kuma a ci shi tara, ko da kuwa yana da uwa a gindin murhu.