Diyyar ma'aikaci a Sakkwato: kwanakin farko ne ke kashe magana

Lebura ya zamo daga kan tsani a wurin gini, ƙafa ta karye. Mai kwangila ya biya kuɗin mai ɗori, ya damƙa wa iyali ɗan abin cefane, aka ce ƙaddara ce. Bayan wata takwas ƙafar ta ƙi takuwa, sai a lokacin aka nemi lauya. Yawancin maganganun diyya a Sakkwato haka suke iso wa lauya, bayan wa'adi ya riga ya cinye rabinsu.

Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1987, ta ɗauke nauyin biya daga aljihun mai aiki, wato wanda ya ɗauki ma'aikacin, ta ɗora wa asusun da hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, NSITF, ke kula da shi. Mai aiki yana zuba aƙalla kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa duk wata, kuma haramun ne ya cire shi daga albashinsu. Tun da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, lissafin ya sauya: naira 700 ke nan a wata kan ƙaramin ma'aikaci, shi kuwa idan ya nakasa gaba ɗaya yana da haƙƙin kashi 90 na albashinsa duk wata, wato naira 63,000. Kamfanin da ya ƙara albashi a hannu amma ya bar tsohon adadi a takardun da yake kai wa hukuma, ma'aikacinsa ya jefa cikin gardama ranar da za a yi lissafi.

Wa'adi ne ke kashe magana. Ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da mai aiki cikin kwana 14. Mai aiki ya kai rahoto ga hukuma cikin kwana 7, idan mutuwa ce kuwa nan take. Takardar neman diyya tana da shekara guda, sai da ƙwaƙƙwaran uzuri hukuma ke ɗaga ta zuwa uku. Dokar ta yi sassauci idan an tabbatar mai aiki ya san abin da ya faru, amma tabbatarwar ce aiki, tunda a nan sanarwa da baki ake yi, a bakin ƙofar shugaban leburori. Saƙon waya ɗaya mai ɗauke da suna, rana, wuri da irin raunin ya fi shaidu biyar da za su ce sun manta. Ɗori kuma, komai ƙwarewar mai yin sa, ba ya ba da rahoton likita. A yi hoton ƙashi a asibiti tun ranar farko.

Inda lauyoyi ke tuntuɓe shi ne sashe na 12 na dokar. Wanda ya ji rauni yana da zaɓi: ya karɓi diyyar asusu, ko ya kai ƙarar sakaci, kuma idan diyyar asusu zai zaɓa, wata shida aka ba shi ya tsayar da zaɓin. Asusu ba ya tambayar laifin wa ne. Ƙara tana iya kawo kuɗi mai kauri, amma sai an tabbatar da sakacin, shekaru na tafiya, majinyaci na kwance. A ganina, in dai babu hujjar sakaci a fili, kamar injin da aka cire wa murfi, asusu ya fi wa talaka. Ƙarar kuma ba ta Babbar Kotun Jiha ba ce. Sashe na 254C na tsarin mulki ya keɓe ta ga Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Haka ma wanda bai gamsu da hukuncin hukumar ba, yana da kwana 180 ya nemi ta sake dubawa kafin ya wuce can.

Hatsarin hanya tsakanin gida da wurin aiki yana ciki, abin da masu zuwa aiki a kabu-kabu ba su cika sani ba. Cutar da ƙura ta jawo da kurumtar da ƙarar inji ta haddasa su ma suna ciki.

Sai takardar sulhu. Dattawa su zauna, a miƙa ambulan, a sa hannu cewa an yafe. Sulhu alheri ne, amma sashe na 13 na dokar diyyar ya ce yarjejeniyar da ma'aikaci ya sarayar da diyyarsa a cikinta ba ta da ƙarfi. Matar da aka bari da yara biyu ko fiye, wadda mamacin ne ke ɗauke da su, dokar ta yanka musu kashi 90 na albashinsa duk wata, ko da wan mijin ya riga ya dangwala yatsa.