Yaranmu sun san zaki a waya amma suna tsoron ɗan akuya

Jama'a ku yi haƙuri yau rubutun zai ɗan yi tsawo, abu ne ya tsaya min a rai tun ranar Asabar kuma na kasa haɗiye shi.

Asabar ɗin nan na kwashi iyali gaba ɗaya, ni da maman yara da yaran uku, muka tafi wani ɗan ƙaramin wurin shaƙatawa da ke bayan gari. Ba wani babban wuri ba ne, fili ne da itatuwan darbejiya da mangwaro, ga lilo guda biyu ga abin sulu, sai can gefe aka kewaye wani ɓangare da waya aka zuba ƙananan dabbobi, zomaye da 'yan awaki da tumaki da agwagi da talotalo da kunkuru biyu da wani jaki mai sanyin hali, ka biya kuɗi kaɗan a ba yaro ganye ko ɗan dusa ya shiga ya ba su da hannunsa. Maman yara ta dafo shinkafa da wake a kula, muka ɗauki tabarma da zoɓo, shi kenan shirin.

To muna shiga wurin dabbobin wani ɗan akuya, wallahi bai fi wata biyu ba, ya taho da gudu wajen ɗana na tsakiya saboda ya ga ganye a hannunsa, sai yaron nan ya kurma ihu ya jefar da ganyen ya zo ya ƙanƙame ƙafata yana Abba zai cije ni Abba zai cije ni. Yaro ɗan shekara bakwai fa. Yaron da in ka zaunar da shi zai lissafa maka zaki da damisa da giwa da kifin da ya fi kowanne girma a teku, duk ya gani a waya da katun. Jikina ya yi sanyi sosai, don ni a shekarunsa ni ke kwance awakin Hajiyarmu da safe, ni ke zuwa yankan ciyawa da lauje bayan makarantar allo, na san wacce ce ke tunkuyi na san wacce ce ke da ciki, kuma in akuya ta haihu da dare da fitilar ƙwai ake tashinmu mu je mu gani.

Ban yi masa faɗa ba. Na durƙusa na kama hannunsa na ɗora a bayan ɗan akuyar a hankali, hannun nasa na rawa, sai ya ce Abba jikinsa da ɗumi. Wannan kalmar ce ta tsaya min. Bai san dabba tana da ɗumi ba, don a waya babu ɗumi, babu wari, babu numfashi a tafin hannunka. Kafin awa ɗaya shi ne ke bin ɗan akuyar yana kiransa abokina, da muka ce a zo a ci abinci sai da maman su ta yi kira uku.

Ita kuma Auta zomo ne ya ɗauke mata hankali. Wani yaro matashi da ke kula da wurin, Allah ya yi masa albarka, ya nuna mata yadda ake ɗaukarsa, ya ce kar ki kama kunnen, yana jin zafi, ki sa hannu ɗaya a ƙirjinsa ɗaya a ƙarƙashin bayansa ki jingina shi a jikinki. Ni kaina da kunne muka tashi muna ganin ana ɗaga zomo kuma ba daidai ba ne. Ta zauna a ƙasa da shi a cinyarta shiru, yarinyar da ba ta iya zama minti biyu wuri ɗaya, tana shafa shi tana cewa Umma ji zuciyarsa tana bugawa da sauri.

Abin da nake son faɗa shi ne wannan. Mu a nan in aka ce kai yara ganin dabbobi, tunaninmu ɗaya ne, gidan zoo ranar Sallah. Kuma ba ina raina gidan zoo ba ne, Allah ya jiƙan Audu Bako, gwamnan Kano na farko da ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, mutumin da ya yi tunanin ware wa talaka makeken fili a farkon shekarun 1970 don ya kai 'ya'yansa su ga namun daji, lokacin wurin bayan gari ne, yau ga shi titin Zoo Road ya zama tsakiyar gari kuma itatuwan nan na cikin inuwar da ta rage mana. Duk wanda ya tashi a Kano yana da labarin ranar da ya fara ganin kura ko jimina a can. Haka 'yan Jos da nasu, 'yan Maiduguri da Sanda Kyarimi, 'yan Yamai da gidan tarihi na Boubou Hama mai dabbobi a ciki. Amma ku dubi yadda muke zuwan. Sau ɗaya ko biyu a shekara, cikin cunkoson yawon Sallah, rana na dukan kowa, a ɗaga yaro sama ya leƙa zaki, zakin kuma yana kwance don shi dama yawancin yininsa barci yake, sai wani ya ɗauki dutse ya jefa wai ya tashi ya yi gurnani, wani ya miƙa wa biri leda, a ɗauki hoto a fito. Yaron ya koma gida da abin da ya gani manya sun yi, wato dabba abin tsokana ce ko abin tsoro.

Tausayin dabba ba daga nesa ake koyonsa ba, sai yaro ya riƙe wadda ta fi shi rauni a hannunsa ya gane cewa in ya matse za ta ji zafi. Zaki ba zai koya masa haka ba, zomo ne zai koya masa.

Da can ba mu buƙatar wani wuri na musamman don haka saboda gidajenmu ne wurin. Kusan kowane gida akwai turke, akwai akurki, akwai ɗakin tantabaru da samari ke haɗawa da tsohon kwali ko tukunya. Mata na kiwon akuya da tunkiya da su ake fita kunyar biki da suna da kayan ɗakin 'ya. Kaka za ta ba jika 'yar kaza ta ce wannan taka ce, yaro ya yi ta ƙirga kwanaki ashirin da ɗaya har ƙwai ya ƙyanƙyashe, ya ga yadda ake sa wa kaza ƙwan zabo ta kwanta a kai ta reni 'ya'yan da ba nata ba, ya san akuya wata biyar take ɗaukar ciki, ya san shaho, ya san abin da ake nufi in an ce kaza ta yi kwanci. A nan ya koyi tashi da wuri, a nan ya fara sanin mutuwa ma, ranar da 'yar kazarsa ta mutu ya yi kuka aka rarrashe shi. Yanzu fa? Muna gidajen haya ɗaki biyu da falo, tsakar gida an shafe da siminti ko tayil, mai gida ya ce ba a yarda da kiwo ba, kuma ba zan ga laifinsa gaba ɗaya ba. Dabba ɗaya da yaran birni ke kusanta ita ce ragon layya, kwana biyu ko uku a ɗaure a ƙofar gida, suna fara sabawa da shi a yanka.

Kuma mu da addininmu ya cika da wannan magana. Manzon Allah (SAW) ya ce babu annabin da Allah ya aiko face ya yi kiwon tumaki, shi ma ya yi wa mutanen Makka kiwo. Ƙanin Anas ɗan Malik, ƙaramin yaro, yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, da tsuntsun ya mutu Annabi da kansa ya kula da damuwar yaron yana tambayarsa labarin tsuntsun. Mun haddace hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, da mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare. Muna karanta wa yara waɗannan a Islamiyya, su fito daga ajin su tarar da ƙadangare a jikin katanga su bi shi da dutse, su ga jakin mai ɗiban ƙasa ana zabga masa sanda ga gyambo a bayansa babu wanda ya ce uffan. Karatun yana kai amma hannu bai taɓa aikata shi ba.

Na san za a ce Malam ana fama da abin da za a ci kai kana maganar zomo. Na yarda rayuwa ta yi tsada, ni ma albashi nake jira kamar kowa, kuma kuɗin adaidaita sahu na mutum biyar zuwa da dawowa ba wasa ba ne. Amma shi ya sa ma nake cewa irin wannan ƙaramin wurin muke buƙata a cikin unguwanni, inda za a taka da ƙafa. Riƙe zaki aiki ne babba, nama kullum, likita, keji mai ƙarfi, kuma mun ga abin da ya faru a Maiduguri a watan Satumba na 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga gidan zoo dabbobi da yawa suka mutu wasu suka fita cikin gari. Wannan sai gwamnati. Amma zomo goma da awaki biyar da agwagi da kunkuru, dusa ce da harawa da ganyen da 'yan kasuwa ke zubarwa, ko ƙungiyar unguwa za ta iya, ko makarantar firamare, ko wani mai hali da ke neman sadaka mai gudana. Matashi ɗaya ko biyu su samu aikin yi. Matsalar ita ce filin. Filin da muka yi ƙwallo a unguwarmu muna yara yau shaguna ne jere, wanda ke bayan makaranta an yanka shi fuloti fuloti, duk inda aka ga sarari sai a ga kuɗi, ba a taɓa ganin yara. Unguwa guda mai dubban yara babu inda za su zauna a inuwa sai bakin kwata da bakin titi, sannan mu dawo muna kukan sun lalace da waya.

Sai kuma mu iyaye maza, a nan zan faɗi gaskiya ko ba daɗi. A wurin nan ranar Asabar na duba, mata ne da yara, mata ne da yara, maza ba mu fi a ƙirga da hannu ɗaya ba. Da yawanmu mun ɗauka in ka ba da kuɗin mota da na tikiti ka gama naka, ka tafi majalisa. Wallahi ba ɗaya ba ne. Da ban je ba, da ba ni zan kama hannun yaron nan in ɗora a bayan ɗan akuya ba, da ban ma san yana da wannan tsoron ba. Babban ɗana mai shekara goma sha ɗaya wanda a gida daga ina kwana sai sannu da zuwa, a kan tabarmar nan ya zauna kusa da ni ya yi ta tambayata yadda muka yi kiwo a gidan kakarsa, har ya gaya min wani abu da ke damunsa a makaranta wanda wata uku yana riƙe da shi. Maman su ma, ita da kullum tana tsakanin kicin da wanki, na ga ta miƙe ƙafa tana dariya da agwagi suka biyo Auta a jere, na daɗe ban ga fuskarta a sake haka ba.

In za ku je irin wurin dan Allah ku kula da abu biyu uku. A wanke wa yara hannu da sabulu bayan sun taɓa dabbobi kafin su ci komai, musamman kunkuru da kaji da agwagi suna ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke sa gudawa ko da lafiyarsu ƙalau, mu da sabulunmu da jarkar ruwa muka tafi. Kar a bar jariri yana rarrafe a cikin shingen. Kar a ba dabba biskit da alewa, ledar ruwa kuma a mayar da ita jaka, duk mahauci zai gaya maka irin ledar da ake cirowa daga tumbin awaki da shanu, tana toshe cikinsu su rame su mutu. Kuma ku je da safe ko bayan la'asar a ranar da ba Sallah ba, dabbobin ma sun fi sakewa in ba hayaniya.

Da za mu tafi Auta ta ƙi sakin zomon, da ƙyar matashin nan ya lallashe ta ya ce ai yana nan yana jiranki. A hanya ta yi barci a cinyar maman ta da gashin zomo fari a jikin rigarta. Jiya na yi magana da mai gidanmu, ya ce awaki dai a'a amma zomo in a keji ne kuma za a riƙa sharewa ba matsala, don haka na ba kafinta aikin keji mai hawa biyu da waya a ƙasa. Yaran sun riga sun raba aiki, babban shara, na tsakiya ruwa, Auta ganye. Wanda ya san inda zan samu zomaye mace da namiji masu lafiya a nan cikin Kano, waɗanda aka yaye, ya yi min magana, kejin zai fito ranar Alhamis in sha Allah.